Faifai a Cikin Faifai

Ku gyara zama. Kai Ilu, kife wayar nan a kan tabarma, don abin da zan kawo muku yau ba a jin sa da rabin kunne. In na gama zan tambaye ku, kuma kada wani ya ce mini zai tashi alwala kafin ya faɗi ra'ayinsa, magariba da sauranta.

A Sabon Garin Zariya, bayan tashar jirgin ƙasa, an yi wani mutum mai suna Zubairu, makanikin kan jirgi. Na san shi, mun yi aiki a rumfa ɗaya. A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa wani kiɗa ya shigo mana daga baƙaƙen fatar Amurka, ana ce masa sol. Kiɗa ne na jita da ganguna da ƙaho, mawaƙin kuma ya riƙa jan murya kamar mai roƙon a yafe masa laifi. Samarin lokacin duk mun haukace a kansa. Zubairu ya tara abokansa huɗu suna yi a kulob ɗin ma'aikata ranar Asabar, sai dai shi da Hausa yake rera nasa. Da abin ya yi musu daɗi suka tara albashi suka tafi Ikko, aka buga musu faifan garmaho guda ɗari uku, ƙanana, waƙa ɗaya a kowane gefe.

Faifan nan bai sayu ba. Mutanenmu suka ce kiɗan Turawa ne, mutanen kudu suka ce ba sa jin abin da yake faɗa. Da ƙyar aka sayar da arba'in, sauran suka zauna a kwali ƙarƙashin gado, ko kyauta ka ba mutum sai ya tambaye ka me zai yi da shi. Bayan wasu shekaru Zubairu ya je Makka ya dawo Alhaji, kunyar ƙuruciyarsa ta kama shi. Ya fito da kwalayen tsakar gida ya cinna musu wuta. Bai tsaya nan ba, ya bi gida-gida wurin waɗanda suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu ya karɓo ya ƙona. Ni ma ya karɓe nawa, kuma har yau ina jin haushin abin. Warin roba ya kwana biyu a unguwar.

Abin da Alhaji bai sani ba har Allah ya karɓi ransa, shi ne duk faifan da ya jefa wuta daraja yake ƙara wa wanda ya tsira, in akwai shi. Akwai mutane a Ingila da Japan da wasu ƙasashe waɗanda ba su da aiki sai tara tsofaffin faya-fayan sol. A wurinsu daɗin waƙa yana da nasa matsayi, amma abin da ke sa farashi shi ne guda nawa suka rage a duniya. Faifan da aka buga dubu ɗari, komai daɗinsa, kuɗin shayi ne. Wanda ya rage guda biyar, kuɗin mota ne. Wanda kuwa aka ga sunansa a tsohuwar takardar kamfani amma ba wanda ya taɓa riƙe shi a hannu, wannan sai abin da mai shi ya ce. Shi ya sa wata rana wani dillali daga Ikko ya yi sallama a gidan marigayin yana tambayar faifan Zubairu. Mutanen gida suka yi masa dariya, suka ce ya makara da shekara talatin da wani abu. Ya bar lambar wayarsa ya tafi.

Alhaji ya bar mata ɗaya, Inna Sahura, da 'ya'ya uku. Lantana ce babba, tela ce a cikin gidan mijinta. Badamasi ke bin ta, mai gyaran rediyo, mutum ne da zai yini bai ce kalma goma ba. Hashimu ne auta, yana sayar da waya a kasuwa, shi kuma in ya fara magana sai dai ka gaji ka tafi.

Shekara biyu bayan zuwan dillalin, cikin damina, Inna Sahura ta zame a banɗaki ta bugi kanta. Ta tashi ta ce ba komai. Bayan mako guda hannunta na dama ya saki, magana ta ɗauke. Aka kai ta wani asibiti a Kaduna, ƙanwarta Kyauta ta zauna jinya. Likita ya ɗauki hoton kai ya ce jini ne ya taru yana danne ƙwaƙwalwa, sai an buɗe an kwashe, kuma in aka wuce kwana goma sha biyu ba ya ɗaukar musu alkawarin komai. Da ya faɗi kuɗin aikin, Lantana ta zauna a ƙasa a nan inda take tsaye. Suka sayar da keken ɗinki da babur, dangi suka kawo abin da ya sawwaƙa, duk bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Gidan gado kuwa ba a sayar da shi cikin kwana goma. Tsoro ya shige su sosai.

Kalma ɗaya ce ta rage a bakin Inna. In ta buɗe ido sai ta ce, "Faifai." Ta sake cewa, "Faifai." Kun dai san a bakinmu faifai abu biyu ne: akwai na kaba da mata ke saƙawa a rufe ƙwarya, akwai na garmaho. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana saƙa, wa zai kawo na garmaho a ransa? Hashimu ya ce zafi take ji, ya samo faifai yana yi mata fifita. Ta ture shi da hannun hagu. Aka kwaso duk na bangon ɗakinta daga Zariya aka jera mata a kan gado, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. Kwana biyu suka tafi a haka.

To, ga abin da Lantana ta yi.

Tana ninke kayan Inna a gida sai wani abu ya faɗo mata. Tun suna yara akwai wani faifai ja da kore a ɗakin, mai kauri da nauyi fiye da sauran, wanda Inna ba ta yarda a rufe abinci mai zafi da shi. Ta taɓa marin Badamasi don ya ɗora shi a kan kwanon koko. Shekara uku da suka wuce, lokacin bikin Rashida jikar yayan Alhaji, Inna tana kwance da zazzaɓi, Lantana da kanta ta ciro faifan nan daga bango ta sa a kayan ɗakin amarya don ta ga ya fi kyau. Da Inna ta warke ta ga gurbinsa, ta yi kwana uku ba ta cin abincin kirki, amma ba ta ce komai ba, don abin da aka kai ɗakin amarya ba a aika a karɓo. Lantana ta tsaya da zani a hannu tana tambayar kanta: wane irin faifan kaba ne ke tsoron zafi? Sai maganar dillalin nan ta dawo mata.

Da safe ta hau mota zuwa ƙauyen da aka kai Rashida, can bayan Hunƙuyi. Ruwa ya cinye hanya, ta sauka ta tattare zani ta ratsa rafi da ƙafa, ruwan har ƙugu. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, uwar mijin Rashida ta miƙe tsaye.

"A garin nan ba a zuwa ɗaukar kayan ɗaki sai in aure ya mutu. In kun zo raba auren ne ku faɗa mana a fili."

Mata suka taru, Rashida ta sa kuka. Lantana, mace mai jikoki, ta durƙusa a gaban matar da ba ta girme ta ba, ta sha baƙar magana ta kusan awa guda ba ta mayar da ko ɗaya ba. Ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a madadin faifan. Da aka ɗauko shi, a kan kwanon tuwo aka ɗauko shi, yana ta tururi. Ba ta iya jira ta isa gida ba. A gindin wata bishiya ta sa reza ta farke bakin, sai ga shi faya-fayai biyu ne aka haɗa aka ɗinke. A tsakaninsu, naɗe cikin tsohon ɗankwali, ga baƙin faifan garmaho da takarda rawaya a tsakiya, da sunan mahaifinta a jiki. Ranar da Alhaji ya hura wutarsa, ashe Inna ta zare guda ɗaya ta ɗinke shi a inda namiji ba zai taɓa dubawa ba.

Da ta kawo shi, su ukun suka dubi juna, Lantana ta fara faɗin abin da kowa ya karanta: Inna tana nuna musu inda kuɗin aikinta yake. Sai dai shekara uku na tururin tuwo sun yi aikinsu. Faifan ya lanƙwashe kamar murfin kwanon da aka taka. Hashimu ya ɗauki hotonsa ya tura wa dillalin, amsa ta dawo cewa faifan da allura ba za ta iya bi ba, ado ne kawai na bango. Saura kwana tara.

Ga kuma abin da Badamasi ya yi.

Ya ɗauki faifan ya tafi shagonsa. Ya san zafi ne ya lanƙwasa shi, zafi ne kuma zai miƙar da shi, amma in ya yi yawa siraran layukan da waƙar ke ciki za su narke, shi ke nan an yi asarar gaba ɗaya. Ya je wurin 'yan gwangwan ya sayo tsofaffin faya-fayai marasa amfani, ya lanƙwasa su da gangan a kan tukunya. Ya ciro gilasai biyu daga tagar shagonsa, ya riƙa sa faifai a tsakaninsu yana shanyawa a rana. Na farko ya narke. Na biyu ya tsage da ya yi saurin ɗagawa. Na uku ya miƙe amma da aka sa allura sai shuu kake ji. Ranar damina kuma ba ta da alkawari, ta fito yanzu, anjima hadari ya rufe ta. A na biyar ya gane ma'aunin: in ya ɗora bayan hannunsa a kan gilashin ya ƙirga ashirin kafin zafi ya sa ya janye, to lokacin shigarwa inuwa ya yi, a danne da buhun masara har ya huce da kansa.

Kwana uku wannan gwaji ya ci, Lantana tana zuwa ƙofar shago tana cewa lokaci fa yana tafiya. Ranar da zai sa na gaske ta zo. Ya san in ya kuskure da ƙirga biyar, shi ne ya kashe uwarsa, kuma ba wanda zai raba laifin da shi. Sau uku ya shanya ya danne, kaɗan-kaɗan. Sannan ya wanke shi da tataccen ruwan sama da burushin aski mai laushi. Ya haɗa garmaho daga gawar wasu guda biyu, ya samo allura wurin wani tsoho a Tudun Wada, ya kira 'yan'uwansa.

Aka ɗora allura. Ganguna suka shigo, jita ta biyo, ƙaho ya amsa, sai aka ji mutum ya ja numfashi. Muryar saurayi ce, ɗan shekara ashirin da biyar, mai taushi, wadda ba su taɓa ji a bakin mahaifinsu ba, don su Alhaji mai tsawa suka sani. Yana roƙon wata yarinya kada ta bari jirgin yamma ya tafi da ita, kuma yana kiran sunanta a fili: Sahura. Kunya ta kama su, kuka kuma ya ci ƙarfinsu. Allura ta bi har ƙarshe ba ta yi tsalle ko sau ɗaya ba. Badamasi ya ce ba za a ƙara sawa ba sai gaban mai saye, don kowane juyi yana cin faifan. Saura kwana biyar.

Sai abin da Hashimu ya yi.

Ya sanar da dillalin cewa faifai ya miƙe. Kafin la'asar ta washegari mutumin yana zaure da jaka. Ya juya faifan a hannu yana taɓe baki, ya ce an taɓa shi, takardar ta koɗe, mawaƙin ba sananne ba ne, amma saboda halin da suke ciki zai taimaka. Ya buɗe jakar. Abin da ke ciki, in an haɗa da na hannunsu, zai kai rabin kuɗin aiki. A ranar kuma Kyauta ta bugo waya ta ce Inna ta daina faɗin ko kalmar nan ɗaya, barci kawai take yi. Lantana da Badamasi suka ce a karɓa, a kai rabin a roƙi asibiti su fara.

Hashimu ya lura da abu ɗaya. A jikin jakar akwai takardar jirgin sama ta ranar. Ɗan kasuwa ne shi, ya san mutum ba ya hawa jirgin sama don ya zo ya taimaki wanda bai sani ba a kan kayan da ba su da daraja. Ya karɓi faifan daga hannun dillalin kamar zai duba wani abu, ya shige ɗaki ya kulle shi a akwati, ya fito ya ce ba na sayarwa ba ne a haka. Badamasi, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ci kwalarsa. Lantana ta ce masa, "Wallahi in Inna ta mutu, kai ne. Ciniki kake yi da ranta kamar waya." Dillalin ya ƙara kaɗan, ya ce jirginsa na safe ne, in ya tafi ya tafi. Hashimu ya bar shi ya tafi.

Sa'ad da aka sa faifan a shago, Badamasi ya naɗi waƙar duka a wayarsa. Hashimu ya yanko farkonta kawai, ganguna da jita da ƙaho, ya tsayar daidai inda Alhaji ya ja numfashi, kafin murya ta fito. Ya nemo zauren da masu tara irin waɗannan faya-fayai ke haɗuwa a intanet, ya sa guntun, da hoton takardar rawaya, da labarin wutar da aka hura a tsakar gida. Ya rubuta da ɗan Turancinsa na kasuwa cewa an buga ɗari uku, mai su ya ƙona su da hannunsa, wannan ne kaɗai aka sani ya tsira. Yini guda da rabi ba wanda ya amsa. Ya zauna a zaure da waya a hannu, ba ci ba sha, 'yan'uwansa suna wucewa ta gabansa ba sa kallonsa. Ya faɗa mini daga baya cewa sau biyu ya danna lambar dillalin don ya ba da haƙuri, yana kashewa kafin ta shiga.

Ranar da ya rage kwana biyu da rabi, saƙo ya shigo daga Japan. Kafin ya gama karantawa wani ya shigo daga Jamus, sai na uku daga Ingila. Da kowannensu ya ji akwai wasu, farashi ya fara hawa kamar ana hura shi. Na Ingilan mutum ne mai sa faya-fayai a wuraren rawa, sunansa duk ya tsaya ne a kan cewa yana da abin da ba a ji a wurin kowa sai wurinsa. Shi ya ce zai ninka abin da na Japan ya bayar, kuma wakilinsa a Abuja zai biya a yini ɗaya, amma da sharaɗi: kada a bar kwafin waƙar ko ɗaya, a waya ko a kaset ko a ko'ina. In ta bazu a wayoyi, abin da ya saya ya zama na kowa. Tayin sauran biyun bai cika kuɗin aikin ba, kuma sun ce sai faifai ya isa hannunsu za su biya. Nasa ne kaɗai ya isa, a kan lokaci.

Na ga bakinka yana motsi, Malam Barau. Za ka ce ai sai a ce masa an goge, a ɓoye, wa zai sani? Na san halinku. Badamasi ma haka ya ce. Hashimu ya ce kuɗin da za a buɗe kan uwarsa da su ba zai yarda a sami ha'inci a cikinsu ba, don yana tsoron abin da zai biyo baya a kan gadon tiyata. Ya sa hannu a takarda, ya karɓi wayar ɗan'uwansa ya goge a gaban wakilin. Wakilin ya saurari faifan sau ɗaya, ya sa shi a wani akwati mai soso ya tafi da shi. Kuɗi suka shiga ana saura kwana ɗaya.

Aka shiga da Inna da hantsi. Awa huɗu suna tsaye a baranda, duk ƙofar da ta motsa sai su juya su duba. Likita ya fito ya ce an dace, amma a jira. Kwana biyu ba ta farka ba. A na uku ta buɗe ido, a na biyar ta motsa yatsun hannun dama, a na shida ta ce wa Kyauta, "Ruwa." Nan fa murna ta ɓarke, har gardama ta tashi a tsakaninsu a baranda, rabi wasa rabi gaske. Lantana ta ce ba don ita ba da har yau faifan yana kan tuwon Rashida. Badamasi ya ce abin da ta kawo ko almakashi ba zai saya ba sai da ya bi ta hannunsa. Hashimu ya ce da an bi tasu da yanzu rabin kuɗi ne a hannu, ana zaman makoki.

Likita ya kira su gefe ya ja musu kunne. Ya ce jininta yana hawa da sauka, wurin da aka yi aikin ɗanye ne. Kada a kawo mata labarin da zai tayar mata da hankali, ko kuka mai ƙarfi yana iya sa jinin ya sake tsinkewa, kuma in ya tsinke a karo na biyu ba lalle a iya komai ba. Don haka ba wanda ya gaya mata inda kuɗin suka fito. Ita a zatonta dangi ne suka haɗa.

A rana ta takwas, da azahar, Kyauta ta fito daga ɗakin ta same su a kan benci. Fuskarta ba ta yi musu daɗi ba. Ta ce, "Yaya ta yi magana mai tsawo yau. Ta ce in gaya muku ta yi ta kiran faifai ba wanda ya gane. Wai akwai wani ja da kore a ɗakin Rashida, akwai abu a cikinsa. Ta ce da ta ga mutuwa ta matso, ba abin da take so sai ta ƙara jin shi sau ɗaya." Kun san matan da, ba ta kama sunan mijinta ba, shi kawai ta ce. "Ta ce shekara arba'in ba ta ji ba, ba ta da garmaho, kuma kunya ba ta bari ta tambayi ɗan da ta haifa. Yanzu ta ce kunyar ta ishe ta, ko Allah ya ba ta kwana biyu ne tana so a sa mata."

A duk kwanakin nan, cikin su ukun ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa tsohuwa tana iya kiran abu don tana son sa. Su kuɗi suke nema, sai suka ji kuɗi a bakinta.

Kyauta ta ce, "Ba ta gama ba. Ta ce ta san a cikinku akwai wanda ya fi tsaya mata har aka yi aikin nan. Shi take so ya shigo shi kaɗai, ta sa masa albarka da bakinta tun tana iyawa, kuma shi za ta aika ya ɗauko mata faifan. Ta ce kada a daɗe, tana jira."

To, ga su nan a baranda, ƙofa a buɗe. Lantana ce ta warware kalmar, ta ratsa ruwa, ta durƙusa wa wadda ba ta isa ba, ba don ita ba da ba a ga faifan ba. Ita ce kuma ta fitar da shi daga ɗakin tun farko, ita ta fara cewa ga kuɗin aiki. Badamasi ne ya mayar da mataccen abu mai rai da bayan hannunsa, ba don shi ba da ba wanda zai saya. Shi ne kuma ya riƙe garmaho mai aiki a hannu bai ce a kai wa Inna ta ji ba, ya ce kowane juyi asara ne. Hashimu ne ya jure zagin 'yan'uwansa ya kai farashin inda ya isa, ba don shi ba da ba a yi aikin ba. Shi ne kuma ya sayar wa wanda ba zai bari kowa ya ji ba, ya goge abin da ya rage da yatsansa. Wanda ya shiga zai fito da albarkar uwa, kuma shi zai dubi idonta, da ɗinki a kanta, ya san abin da zai ce mata game da faifan.

Shekaranjiya kowannensu yana cewa shi ne. Yau kowa yana kallon ɗan'uwansa. To, ku gaya mini, wane ne a cikinsu ya cancanci ya tashi ya shiga ɗakin nan?